Yadda Ake Ɗanɗanar Zumar Sidir ta Yaman Ba Tare da An Yi Asararta Ba

Shekarar da gwaggona ta sauke farali, cikin tsarabarta akwai wata 'yar kwalbar zumar sidir da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, an naɗe ta da ɗankwali an cusa can ƙasan jaka tsakanin dabino da bagaruwa. Ta ce wani Balaraben Yaman mai shago a Makka ne ya sayar mata, kuma sai da ta yi jim kafin ta biya kuɗin. Kwana uku kwalbar ta yi a gidan. An zuba a kunu, an zuba a shayi mai tururi, an kwaɓa da tafarnuwa da habbatus sauda an ba mai tari. Ranar da na je yi mata barka da sauka, sai ɗan abin da ya manne a gindin kwalba. Na ce, "Gwaggo, a ba ni kwalbar nan mana." Ta ce, "Ɗauki abinka ɗan nan, ai babu komai a ciki." Na sa ɗan yatsa na lakato, na ɗora a harshe. Zaƙi ya fara zuwa, sai wani garɗi kamar na man shanu, sai ƙamshin 'ya'yan kurna busassu, sannan wani ɗumi ya sauka a maƙogwarona ya zauna har na isa gida. A ranar na gane cewa mutanen gidan sun sha zumar amma ba su ɗanɗane ta ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Duk wanda Allah ya hore masa irin wannan zuma, ko saye ya yi ko tsaraba aka kawo masa, ga yadda nake bi da ita.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Sidir sunan Larabci ne na itacen da malamanmu suke fassarawa da magarya, wanda ake wankan gawa da ganyensa. Amma irin da ke kwarurukan Yaman, wanda masana tsirrai suke kira Ziziphus spina-christi, shi ne muke kira kurna a ƙasar Hausa. Magarya da kurna 'yan gida ɗaya ne, sai dai kurna ta fi girma da inuwa. Itacen ya daɗe a ƙasar Yaman, har an ambace shi a Suratu Saba'i, aya ta 16, cikin abin da ya rage wa mutanen Saba'i bayan ambaliya ta cinye gonakinsu.

Zumar da ta fi suna ita ce ta kwarin Du'an a yankin Hadramaut, sai ta Usaimat a lardin Amran, da ta Jardan a lardin Shabwa. Itacen yana fure ne wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, makonni kaɗan kawai. A lokacin masu kiwon zuma suke loda amya a motoci, su yi tafiyar dare, su sauke a kwarin da furen ya buɗe. Da yake wurin busasshe ne kuma babu wasu furanni masu yawa a wannan lokaci, kusan duk abin da ƙudan zai kwaso daga kurna yake fitowa. Abin da ya sa ɗanɗanon ya fita daban ke nan. Ƙudan ma nasu ne, ɗan ƙarami mai jure zafi da fari, kuma ana samun irinsa a Sudan da Chadi. Ɗan gajeren lokacin fure, ga ƙarancin ruwan sama, ga yaƙin da ƙasar ta shiga tun 2014 wanda ya hana masu amya yawo yadda suka saba, su suka sa kilo ɗaya na mai kyau yakan wuce dala 100 a kasuwannin ƙasashen Larabawa.

Mataki na farko: saye

A nan aka fi yin kuka, don haka zan ɗan daɗe.

Ba Yaman kaɗai ke da zumar sidir ba. Ana yin ta a kudancin Saudiyya, wajen Baha da Asir da Jazan, ana yi a Oman, ana kuma yin ta da yawa a Pakistan, musamman yankin Karak, a fitar da ita zuwa ƙasashen Larabawa. Waɗannan duk zumar sidir ce ta gaskiya, wasu ma suna da daɗi ƙwarai, amma kuɗinsu bai kai na ta Du'an ba. Cutar da aka fi yi wa alhazai ita ce a ba su ta wata ƙasa a kuɗin ta Yaman. Saboda haka kada ka tsaya a tambayar "Sidir ce?" Ka tambayi mai shago daga wane kwari take, kuma ta wace kaka ce. Wanda ya san kayansa zai amsa nan take, har ya ƙara maka da bayani. Wanda ya fara kame-kame yana rantse-rantse, ka yi masa sallama.

Ka nemi a ba ka ka lasa, kuma daga mazubin da za a zuba maka, ba daga wata kwalbar nuni ba. Na taɓa yin sakaci da wannan a wani shago. Abin da aka lasa mini daban, abin da na tarar a kwalba da na dawo gida daban, zaƙi ne fayau babu ƙamshi kamar an narkar da alewa. Tun daga nan ba na barin a zuba mini a bayan kanta.

Gwaje-gwajen da muka gada, irin su tsoma ashana a kyasta, ɗiga zuma a ruwa a ga ko za ta nutse, ɗigawa a takarda ko a ƙasa, ko a ce kiyashi ba ya taɓa zuma ta gaskiya, babu ɗayansu da ke kama algus. Iyakacin abin da wasunsu ke nunawa shi ne yawan ruwa. Ruwan sukari mai kauri zai ci duk waɗannan gwaje-gwaje, kuma kiyashi yana shan zuma ta gaskiya sarai. Ko a Turai abin ya gagari ido da harshe: a watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi wa samfuri 320 na zumar da ake shigar mata, aka yi zargin an gauraya 147 da ruwan sukari, wato kashi 46 cikin 100. Tabbaci na haƙiƙa sai a ɗakin gwaji, inda ake duba ƙurar furen da ke cikin zumar da irin sukarinta. Idan mai sayarwa yana da takardar gwaji, ka duba abu biyu. Ruwan da ke ciki kada ya wuce kashi 20 cikin 100, haka ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta tanada. Sai wani sinadari da ake rubutawa HMF, wanda ke ƙaruwa idan zuma ta sha wuta ko ta daɗe a zafi. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi.

Akwai awo ɗaya da za ka iya yi a gida. Kwalbar da ke cin kilo 1 na ruwa tana cin kusan kilo 1.4 na nunanniyar zuma. Idan nauyin ya gaza haka sosai, ruwa ya yi yawa. Wannan ma ba ya wanke ta daga zargin sukari, amma yana kama wadda aka tsinka.

Shawarata ita ce ka sayi kaɗan. Giram 250 na wadda ka amince da ita ya fi kilo biyu na wadda kake kokwanto. Idan ka samu wadda ke cikin saƙarta, irin da Yamanawa ke sayarwa a zagayayyen gwangwani, ka ɗauka, don ta fi wuyar yi wa algus bayan an cire ta daga amya.

Mataki na biyu: ka bar ta ta huta, ka haɗa kaya

Zumar da ta sha hanya a jirgi da mota takan cika da ƙananan kumfa. Ka ajiye ta kwana biyu ko uku a tsaye, a wuri mai duhu da sanyi-sanyi, kumfan zai taso sama. Kada ka sa a firji. Sanyi yana kulle ƙamshi, kuma wajen digiri 14 ne zuma ta fi saurin daskarewa ta yi tsakuwa-tsakuwa.

Masu ɗanɗanar zuma a matsayin sana'a suna da tsari. Wani masani Bafaranshe, Michel Gonnet, shi ya fara tsara shi a ƙarshen shekarun 1970, ya aro dabaru daga masu ɗanɗanar ruwan inabi, kuma a Italiya har rajista ta ƙasa ake yi wa waɗanda suka ƙware. Kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki suke amfani da shi, saboda ƙamshi ya taru a ciki. Idan ba ka da shi, ƙaramin kofin gilashi na shayi ya wadatar, muddin babu ƙamshin sabulu ko na ganyen shayi a jikinsa. Ka ɗauraye shi da ruwan zafi zalla, ka kife ya bushe ƙayau.

Sai cokulan shayi masu tsabta, guda uku ko huɗu ga kowane mutum, don cokalin da ya shiga baki ba ya komawa cikin zuma. Ana yawan cewa cokalin ƙarfe yana kashe zuma. Cokalin silba irin na gida da ba ya tsatsa ba ya yi mata komai a 'yan daƙiƙun da za ta yi a kansa. Ni na fi gudun cokalin katako, don yana riƙe ƙamshin abin da aka taɓa ci da shi. Ka tanadi ruwan sha wanda ba na firji ba, da farar takarda, da 'yan yankan tuffa mai ɗan tsami ko gurasa marar gishiri, da biro da littafi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: ka samo wata zumar ta kwatanci. Ta gida mai kyau wadda ka san mai amyarta, ko farar saƙa, ko ta Mambila. Harshe ba ya gane abu shi kaɗai sai ya samu abin da zai gwada shi da shi.

Mataki na uku: ka shirya bakinka da ɗakin

Hantsi ne lokacin da ya fi, bayan karin kumallo ya faɗa, kafin yunwar rana. Awa guda kafin nan ka bar goro, barkono, citta, gahawa, man goge baki da duk wani abu mai na'ana'a. Kada ka shafa turare, kada a kunna turaren wuta, kada ana suya a kusa. Mai mura ya haƙura sai ya warke, don asarar zumar kawai zai yi.

Ka zuba cokalin shayi biyu a kowane kofi, ka rufe bakinsa da ɗan faranti, ka bar shi minti goma zuwa sha biyar. Idan lokacin hunturu ne zumar ta yi tauri, ka riƙe kofin a tafin hannunka ɗumin jikinka ya sassauta ta. Kada ka kai ta wuta.

Mataki na huɗu: ido

Ka ɗaga kofin wajen hasken taga, sannan ka ɗora shi kan farar takarda. Sabuwar sidir takan zo da launin zinariya mai ɗan duhu, idan ta kwana biyu sai ta ƙara ja kamar shayin da ya jiƙu sosai. Ɗan dishi-dishi ba aibu ba ne, sau da yawa ƙurar fure ce da ɓurɓushin kaki, alamar ba a tace ta fiye da kima ba. Abin da ba a so shi ne ta rabu biyu, ruwa-ruwa a sama, guda-guda a ƙasa, ko kumfa mai tasowa ba ya ƙarewa.

Ka tsoma cokali ka ɗaga sama kamar taƙi guda. Sidir mai kyau tana zuba kamar zare ba ta tsinkewa, ta nannaɗe a kan kanta ta yi ɗan tudu kafin ta baje. Abin sha'awa ne a kalla, amma kada ka yanke hukunci da shi. Zumar da ta tsaya cak a watan Janairu ita ce za ka ga tana gudu a watan Afrilu. Zafi ne ya sauya, ba zumar ba.

Mataki na biyar: hanci

Ka buɗe farantin ka kai hanci bakin kofin kafin ka motsa komai. Ka shaƙa a hankali sau biyu ko uku, gajeru, ka janye. Wannan shi ne ƙamshin farko, mai saurin gudu. Daga nan ka sa bayan cokali ka shafe zumar a jikin kofin ta ciki, ta yi faɗi, ka sake shaƙa. Yanzu ne ƙamshi mai nauyi zai taso.

Hanci yana saurin gajiya. Bayan shaƙa uku ko huɗu sai ka ji kamar babu komai. Ka kau da kai, ka sansana bayan hannunka ko hannun rigarka, ka jira rabin minti, ka dawo.

Ka ba abin da ka ji suna, kuma da abubuwan da ka sani. Ni a sidir ta Du'an nakan ji busassun 'ya'yan kurna irin waɗanda muke tsinta muna yara, da man shanu da aka soya bai ƙone ba, da mazarƙwaila sabuwar sauka, can ƙasa kuma wani ƙamshi na ganye kamar an murza ɗanyen ganyen magarya a hannu. Wani zai ce dabino ya ji, wani ya ce itace. Duk daidai ne muddin abin da hancinka ya faɗa maka ka rubuta, ba abin da mai shago ya ce za ka ji ba. Idan akwai kurna a garinku, ka je gindinta lokacin da ta yi fure, ƙananan furanni ne masu ruwan ɗorawa da kore-kore, ka tsaya ka shaƙa. Duk ranar da ka sake buɗe kwalbar sidir hancinka zai tuna.

Mataki na shida: harshe

Ka ɗebi kaɗan, kamar ƙwayar wake biyu, bai kai rabin cokalin shayi ba. Wannan zuma tana da ƙarfi, cikakken cokali zai ginshe ka tun kafin ka ji komai.

Lasar farko ka yi ta da hanci a toshe. Ka matse hancinka da yatsu biyu, ka ɗora zumar a tsakiyar harshe, ka rufe baki, kada ka haɗiye. Ka danna ta a ganɗa, ka bar yawu ya narkar da ita. A wannan hali abin da harshe kaɗai ke iya ji za ka ji: zaƙi, ɗan tsami idan akwai, ɗan ɗaci idan akwai, da yadda jikinta yake, ko santsi, ko danƙo, ko yashi-yashi. Ka ƙirga zuwa biyar, sannan ka saki hancin ka fitar da numfashi ta cikinsa. Nan take ƙamshin zai buɗe a cikin kanka kamar an buɗe ƙofar ɗaki. Na yi wa wani ƙanena wannan, da ya saki hancinsa sai ya zaro ido ya ce, "Yaya, ashe da hanci ake cin abinci?" Gaskiyarsa. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa daga bayan baki zuwa hanci, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa lami.

Ka kurɓi ruwa, ka jira minti biyu, ka yi lasa ta biyu da sabon cokali, wannan karon hanci a sake. Yanzu tafiyar zumar za ka bi, don tana da farko da tsakiya da ƙarshe.

Farkon zaƙi ne, kuma zai zo da ƙarfi. Kada ka tsaya a kansa, kowace zuma tana da shi, har ta jabu. Ka lura dai da irinsa. Zaƙin farin sukari yana da kaifi, yana bugun harshe lokaci guda ya wuce. Na sidir yana shigowa a hankali, ya baje, yana da nauyi.

Tsakiyar ita ce inda kuɗinka yake. Bayan daƙiƙa biyar zuwa goma, zumar ta yi ɗumi ta narke, sai garɗin ya fito. Ka ɗan buɗe leɓe ka ja iska kaɗan ta kan harshe, ka rufe, ka fitar ta hanci. Ka yi haka sau biyu. A nan nake jin man shanun nan da kurna, wani lokaci da ɗan bauri siriri a gefen harshe irin na ɓawon 'ya'yan itace. Wannan baurin shi ke riƙe zaƙin kada ya gundure ka. Zumar da ba ta da komai a tsakiya, zaƙi ya zo zaƙi ya tafi, ko da ta gaskiya ce ba ta cancanci kuɗin sidir ba.

Sannan ka haɗiye, ka yi shiru, ka duba agogo. Sidir mai kyau tana barin ɗumi a maƙogwaro, wani ɗan yaji-yaji mai laushi wanda ba ya sa tari, kuma ƙamshinta yana dawowa da kowane numfashi. Ka ga minti nawa zai yi kafin ya ɓace. A nawa gwajin, wadda aka gauraya ba ta kai rabin minti sai ta bar baki da danƙo da ƙishirwa. Mai kyau takan wuce minti biyu, kuma bakinka zai kasance a wanke. Kada ka ruɗu da maƙaƙi mai kartar wuya, wasu suna ɗauka shi ne alamar ƙarfi. Ɗumi daban, karta daban.

Ka rubuta abin da ka ji tun bai gudu ba, ko da kalma biyar ce.

Mataki na bakwai: kwatanci

Ka ci yankan tuffa ko gutsuren gurasa, ka sha ruwa, ka huta minti uku zuwa biyar. Sai ka bi zumar gida da matakan nan duka, ido, hanci, harshe. Ka fara da mai sauƙin ƙamshi ka ƙare da mai ƙarfi idan suna da yawa, kuma kada su wuce uku ko huɗu a zama ɗaya, don daga nan harshe ya ƙoshi.

Abin da za ka fara lura da shi a yawancin zumarmu shi ne hayaƙi. Hausawa suna cewa zuma sai da wuta, kuma masu ɗiba da dare da harshen wuta suna barin ƙaurin a cikinta, wani lokaci har da toka da ɗanɗanon 'ya'yan ƙudan da aka matse tare da saƙa. Mun saba da shi har muna ɗauka shi ne ɗanɗanon zuma. Ba laifin furanninmu ba ne, hanyar ɗiba ce. Na sha zumar gida da aka cire da ɗan hayaƙi kaɗan, aka zaɓi saƙar da ƙudan ya rufe da kaki, aka tace ba a dafa ba, kuma ba ta jin kunyar zama kusa da ta Yaman. Farar zumar Oku ta Kamaru, wadda aka yi wa rajistar asali a 2013, wato rajistar da ke ɗaure sunanta da yankin da take fitowa, ita ma abar nema ce idan kana son ka ga iyakar bambancin da fure ke kawowa: fara ce, mai laushi kamar man shanu, ba ta kama da sidir ta kowace fuska.

Idan kuna da yawa, wani ya zuba a kofuna ya sa musu lamba ba tare da kun gani ba. Sanin kuɗin abu yana ƙara masa daɗi a baki, wannan hanya ce kawai ke cire shi.

Alamomin da ke cewa a dakata

Warin tsami kamar na kunun da ya kwana, tare da kumfa da murfin da ke huci idan an buɗe, yana nufin ruwa ya yi yawa zumar ta fara lalacewa. Ƙaurin ƙonannen sukari da ɗaci a ƙarshe yana nufin an dafa ta. Ɗanɗanon ƙarfe daga gwangwani mai tsatsa yake zuwa. Warin fetur, manja ko sabulu kuwa daga jarkar da aka zuba ta ne, don zuma tana jan duk warin da ke kusa da ita. Daskarewa ba ta cikin wannan jeri. Zuma ta gaskiya tana daskarewa, sai dai sidir tana daɗewa ƙwarai kafin ta yi. Idan ta yi, ka tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, kada ya wuce digiri 40, ka bar ta ta narke a hankali.

Da me ake cin ta

Bayan ka san ta ita kaɗai, sai ka haɗa ta da abin da ba zai danne ta ba. Mutanen Yaman suna kwarara ta a kan bintus sahan, wata gurasa mai falle-falle da ake gasawa da man shanu a barbaɗa habbatus sauda, a ci da ɗumi. A wajenmu na fi son ta a kan kindirmo mai sanyi-sanyi marar sukari, siririn zare ɗaya a sama, kada a juya, kowane cokali ya ɗebo fari da ja. Tsamin nonon yana buɗe ta. Cukun Nijar da aka ɗan gasa, ko funkaso mai zafi, ko waina marar yaji, duk suna karɓarta. A gefe kuma gahawa ko shayi marar sukari, ana lasa ana kurɓa. Abin da ba na yi shi ne zuba ta cikin tafasasshen shayi, don zafin yana korar ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa, zaƙi kawai zai rage, kuma zumar gida ta isa ta yi wannan aikin. Haɗa ta da tafarnuwa ko citta ma haka.

Hattara biyu da ba a wasa da su. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma kowace iri, ko ɗan lasawa ne, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim wadda hanjin jariri bai yi ƙwarin yaƙarta ba. Na san al'adar lasa wa jariri zuma tana da ƙarfi a gidajenmu, amma likitoci sun yi ittifaƙi a kan wannan. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa tsadar zuma ba ta hana ta ɗaga sukarin jini, ya tambayi likitansa kafin ya lasa.

Ajiyar abin da ya rage

Ka goge bakin kwalbar da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka ɗaure murfin tam. Zuma tana shan laimar iska, musamman da damina, kuma jiƙaƙƙen cokali ɗaya yana iya jawo mata tsami. Kwalbar gilashi ta fi roba. Ka sa ta a kabad mai duhu, nesa da murhu da taga da kayan yaji, kada kuma a bar ta cikin mota a rana. Idan babba ce, ka zuba kaɗan a ƙaramar kwalba don amfanin yau da kullum, babbar ta zauna a rufe.

Ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jikin murfin. Bayan wata uku ka sake zama da kofi da cokali da littafinka, ka bi matakan daga farko, ka gwada da abin da ka rubuta a zaman farko. Za ka tarar launin ya ƙara duhu kaɗan, ƙamshin ganyen nan ya ja baya, na mazarƙwaila ya matso gaba.